Kwalaben Yajin Iya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iya, mahaifiyar babanmu, ta cika ranar wata Talata da hantsi a ɗakinta da ke Unguwar Sarki, saura 'yan makonni Babbar Sallah. Kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta, an kafa rumfa a ƙofar gida, mu mata muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida muka zauna karɓar gaisuwa.

Na je zaman makoki ba adadi a garin nan, amma wallahi ban taɓa ganin inda ake kuka ana zancen yaji ba sai a na Iya. Ɗiyar ƙanwarta da ke aure a Kinkinau ta shigo da kururuwa, ta zube a gaban Goggo, ƙanwar babanmu. Abin da ya fara fita daga bakinta bayan salati shi ne, "Wayyo ni, yanzu wa zai riƙa sa mini kimba?" Goggo ta harare ta da jajayen idanu ta ce, "Ke dai ba ki da hankali. Uwata ta mutu kina ta kimba?" Ba ta rufe baki ba ita ma ta fashe, rabi kuka rabi dariya, ta ce ai ita ma tun ɗazu abin da ke yawo a ranta ke nan. Wani tsoho, ƙanin kakanmu, da aka ɗauko daga Katabu, ya leƙo ya yi mana gaisuwa, ya ce duk dangi ba wanda ya lura haƙoransa sun zube sai ita, domin nasa yajin sau biyu take tankaɗewa kada tsakin ƙuli ya soke masa dasashi. Ya faɗa yana share ido da bakin rawaninsa.

Ni kuwa ana ta wannan idona yana kan ƙofa. Akwai jikar Iya guda ɗaya da ba ta zo ba, 'yar marigayi Baffa Auta, wadda ta tashi a hannun mahaifiyarta a ƙetaren kogi, kuma Kirista ce. A waje, a tsakiyar rumfa, ga Baffa Babba, yayan babanmu, wanda ya daɗe da yanke cewa yarinyar nan ba ta cikin gidan. Iya kaɗai ce take riƙe da ita. Tsorona shi ne ƙasar da aka tura wa Iya ta rufe har da zumuncin yarinyar.

Ni takwarar Iya ce, sunanta aka sa mini, kuma an ce har bakin na gada. To tunda na gaji bakin, bari in yi amfani da shi, kada jikokinmu su tashi ba su san irin matar da suka fito daga tsatsonta ba.

Kakanmu akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, ya yi aikinsa ya yi ritaya ba shi da komai sai gidan nan da mutuncinsa. Bayan rasuwarsa fansho ya zama sai ya ga dama yake zuwa. Ga jikoki kamar ƙasa, ga al'ada ta ce ranar Sallah babba shi ke bai wa na ƙasa da shi goron Sallah. 'Ya'yanta sun ce ta zauna ta huta, su za su riƙa ba ta abin rabawa. Ta ce musu, "In karɓa a hannunku in miƙa wa 'ya'yanku? To kyautar wa ke nan? Ni ba ni da kuɗin rabo, amma ina da turmi."

Daga nan aka fara. Duk Babbar Sallah, kafin a kai ga yanka, kowa a dangi yana da kwalbar yajinsa daga hannun Iya. Kada ku ce yaji ai yaji ne. Ba ta daka turmi ɗaya ta raba. Kowa da nasa dakan.

Shirin kuwa shekara guda take yi. Lokacin da barkono ya yi arha a kasuwar Kawo za ta sayi ɗan abin da ya samu ta shanya a kan tabarma, tana zaune a gefe da 'yar sanda saboda kaji. Gyaɗa da kaka take saya, ta matse mai ta yi miya da shi, tunkuzar ta soya ƙuli. Kanumfari, masoro, kimba, ƙulli-ƙulli take tara su a cikin wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gado. Kwalabe kuma, Allah Sarki, ba gidan da Iya za ta shiga ta ga kwalba ta kusa ƙarewa ba ta ce, "In kun gama da wannan ku ajiye mini" ba. Na taɓa ce mata tana ba mu kunya, kamar 'yar gwangwan. Ta ce, "Kunyar ta kashe ki. Miƙo mini waccan."

Na babanmu gishiri kaɗan take sawa saboda hawan jini, ta cika shi da daddawa don kada ya ji salam. Mai jego ta sha kimba da masoro. Na yara ƙuli ne kusan zalla, da ɗan barkono na koyon zama mutum. Na Baffa Babba citta ce har sai ta hau hanci. Wanda ya fi burge ni shi ne na Goggo. Goggo tana da gyambon ciki, amma ba ta son a ce ba ta iya cin yaji ba. Sai Iya ta riƙa busar da tattasai ta daka mata, ya fito jajawur, kowa ya gani ya ce lallai Goggo jaruma ce, alhali ko jariri zai lasa. Nawa kuwa barkono ne tsagwaronsa. In ta miƙo mini sai ta ce, "Ungo, daidai da bakinki."

Iya ba ta yi boko ba, ba ta rubuta suna a kan kwalba. Ƙyalle take ɗaurawa a murfi, daga tsohon kayan mai kwalbar. In ka ga zanenka da ya tsufa ya ɓace a gidan, kada ka yi cigiya, za ka gan shi ranar Sallah a wuyan kwalba. Wannan dabara sau ɗaya ta taɓa cin amanarta. Wata shekara aka yi bikin wata 'yar'uwarmu aka fitar da anko, ni da Goggo duk muka ɗinka. Da atamfar ta tsufa Iya ta yagi tawa ta yagi ta Goggo, ta ɗaura. Ranar Sallah Goggo ta ɗauki kwalba, ta zauna a gaban baƙi, ta barbaɗa wa soyayyen nama da hannu sake kamar yadda ta saba, ta kai baki. Jama'a! Sai ga Goggo ta miƙe tsaye ba ɗankwali tana neman randa, hawaye da majina, tana cewa an kashe ta. Ni kuma ina can ina mitar tsohuwa ta fara ruɗewa, ta ba ni garin tattasai. Iya ta yi jinyar Goggo da madara da kunun kanwa, ranta a ɓace ƙwarai, don ba ta ɗauki abin da wasa ba. Tun daga ranar ta haramta anko a wuyan kwalba. Ta ce anko kayan taro ne, ba kayan mutum ba.

In ka tambaye ta yadda ta san bakin kowa, sai ta ce ido gare ta. Kuma gaskiya ne, Iya ba ta cin abinci tare da mutane, kallonsu take yi. Wa ya tsince albasa ya tura gefe, wa ya kurɓi ruwa tun a loma ta biyu, duk tana gani. Da aka kawo mijina gaishe ta bayan biki, ta sa aka sayo tsire, ta zuba masa irin yajina, ta zauna ta tsura masa ido. Bawan Allah yana ci yana gumi yana cewa, "Iya, ya yi daɗi." Ta ce, "Angona, kai jarumin ƙarya ne. Ajiye, kada ka mutu a ɗakina a ce ni ce." Da Sallah ta zo sai ga kwalbarsa, mai sanyi, da ƙyallen wata tsohuwar shaddarsa da ban san lokacin da ta sa aka ɗauko mata ba. Har yau yana cewa ba ranar ɗaurin aure ya shiga danginmu ba, ranar da ya karɓi kwalba ne. Haka abin yake a wurinmu. Wanda Iya ta daka wa, namu ne.

Da ƙarfinta ya fara raguwa, Baffa Babba ya ce ta daina wahalar da kanta, a haɗa kayan gaba ɗaya a kai inji. Ta dube shi ta ce, "Injin ya san ƙanwarka tana da gyambo?" Sai dai ta yarda mu riƙa yi mata dakan, ita tana kan kujera 'yar tsuguno tana zuba kaya tana ba da umarni. Mun sha atishawa, mun sha faɗa.

Yanzu bari in zo kan Baffa Auta. Shi ne ɗanta na ƙarshe, kuma Baffa Babba ne ya riƙe shi, ya yi masa makaranta, yana ji da shi kamar ɗan cikinsa. Da ya fara aiki ya auri wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kudancin Kaduna. An yi ta ka-ce-na-ce, daga baya aka haƙura, suka haifi 'ya mace. Yarinyar tana tatata Allah ya yi masa rasuwa a hatsarin mota a hanyar Zariya. Baffa Babba ya ce a ba shi 'yar ƙaninsa ya riƙe. Uwar ta ce ita ke nan gare ta, ba za ta iya ba. Aka yi zama, aka tashi baram-baram. Ta ɗauki 'yarta ta koma ƙetaren kogi cikin danginta, yarinya ta tashi a addinin uwarta. Baffa ya ce shi ya cire hannunsa, kada wanda ya ƙara yi masa zancenta. Ba zan ce Baffa mugu ba ne, Allah ya sani. Mutum ne mai gaskiya da riƙon addini, kuma mutuwar ƙaninsa ta karya shi. Amma in ya kafe, ya kafe.

Sai da watan Disamba ya kama muka ji turmi yana tashi a tsakar gida. Ina nan ranar da Baffa ya shigo gaishe ta ya tarar da ita da taɓarya.

Ya ce, "Iya, wace Sallah ce kuma a wannan wata?"

Ta ce, "Ta jikata."

Ya ce, "Iya, kin san matsayina a kan maganar nan. Kuma bikin nan ba namu ba ne."

Ta jingine taɓarya ta ce, "Na ce maka biki zan je? Ni na san alƙiblata tun kafin in haife ka. Yarinya za ta ci nama, a ci shi da yajin kakarta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannun lafiyarsa lau."

Ya ce, "Uwarta ce ta raba ta da mu."

Ta ce, "Uwar tata da kake faɗa, cittar da nake cika maka kwalba da ita kana santi, daga ina kake tsammani take zuwa? Daga gonar uban matar ne. Tun da ta shigo gidan nan ban ƙara sayen citta ba, kuma bana ma ta aiko, bayan duk abin da ka faɗa mata."

Baffa ya tashi ya fita ko sallama babu. Da Babbar Sallah ta zagayo aka kai masa kwalbarsa, ya dawo da ita. Iya ta ce a mayar. Ya sake dawowa da ita. Ta saka mayafi ta kai da kanta, ta dangwarar masa a kan tebur ta ce, "Uwarka ce ta daka. In ka isa ka zubar." Bai zubar ba. Matarsa ta gaya mana a ɓoye cewa sai da ya ga ƙasan kwalbar. Amma bakinsa bai canza ba, ko sunan yarinyar ba ya kamawa.

Iya ba ta da kayan jikar tata da za ta yaga, don haka ta ciro wata farar rigar Baffa Auta da ta adana, duk shekara ta yanki kaɗan ta ɗaura. Da kanta take hawa bas ta ƙetare gada ta kai. Shekarun farko irin na uban take daka mata, mai yawan masoro. Da yarinya ta yi wayo, Iya ta zauna a falonsu ta kalle ta tana cin abinci, ta dawo tana faɗa tun daga zaure: "Ashe duk shekarun nan zaluntar yarinya nake yi! Ba bakin ubanta ta ɗauko ba, tafarnuwa take so. Tafarnuwa, kamar wata mai maganin gargajiya!" Tana mita fuskarta kuwa kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

Da gwiwoyi suka hana ta hawa mota, ni na gaji kai saƙon. A nan na san ƙanwar tawa sosai. Ta girma, ta zama malamar makaranta, mai sanyin magana, ga goshin gidanmu sak. Tana zuwa gaishe da Iya, amma sai ta tabbatar Baffa ba ya nan, ta shigo kamar mara gaskiya ta fita kamar mara gaskiya. Ba ta taɓa zuwa biki ko suna a dangi ba, don ba a taɓa gaya mata ba. Abin yana ƙona mini rai. Na ce wa Iya ta tara 'ya'yanta ta yi wa Baffa tsawa a gaban kowa. Ta ce, "Ke komai sai da barkono. Wanda aka tursasa ya buɗe ƙofa, ranar da mai tursasawa ya kau zai rufe ta. Ki bar shi. Ni na haife shi."

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ana gobe za ta rasu, da rana, ina ba ta kunu, ta riƙe mini hannu ta ce, "Takwara, in ta Allah ta kasance, ki kira 'yar Auta da bakinki. Kada ta ji a wurin mutanen gari." Na cika mata wannan. Na kira ta tun kafin a yi wa Iya wanka. Ta yi kuka har na kasa jin abin da take faɗa, daga ƙarshe ta ce, "Yaya, in zo?" Na ce, "Kakarki ce." Ta ce, "Baffa fa?"

Ba ta zo ranar ba, ba ta zo washegari ba. Na fara cewa a raina shi ke nan, an gama. Baffa kuwa yana rumfa, duk wanda ya zo sai ya ba shi labarin kwalbarsa, shi dai sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ji ƙanta." Abinci ma ba ya ci.

Ranar addu'ar uku, bayan malamai sun shafa fatiha, gida ya cika maƙil, na fito zaure zan miƙa wa maza ruwa. Sai na hango 'yar Auta tana tahowa ita da mahaifiyarta, sun lulluɓe da manyan gyale. Babu hanyar shiga gida sai ta gaban rumfa. Uwar ta tsaya daga baya. Ita ta matso a hankali, ta cire takalmi, ta durƙusa nesa da tabarmar Baffa kamar yadda baƙi suke yi, ta ce, "Baffa, ya haƙuri? Ashe Iya lokaci ya yi. Allah ya ba ku haƙuri."

Babanmu ya dubi ƙasa. Ni kuma na riga na shirya abin da zan faɗa in ya kore ta, ko da za a ce ba ni da kunya har ƙarshen rayuwata.

Baffa ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Ya ba mu haƙuri? Mu su wa?"



Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Taso." Ya wuce gaba ta bi shi, ya dubi mahaifiyarta ya ce, "Ke ma bismillah." Ya yi sallama ya shiga tsakar gida, mata suna ta jan mayafi. Ya tsaya a kan tabarmar da Goggo da mu jikoki muke zaune muna karɓar gaisuwa, ya ce, "Ku matsa mata." Aka matsa. Ta zauna a tsakanina da Goggo. Ya juya ga matan unguwa da suka cika gidan ya ɗaga murya ya ce, "Wannan 'yar ƙanina ce, marigayi. Jikar mai rasuwa ce. Ba gaisuwa ta zo yi ba, ita ake yi wa."

Sai dattijon nan, da furfurarsa da ciwon bayansa, ya tsuguna a gabanta ya ce, "Ya haƙuri, 'yata? Kin yi rashin kaka."

Goggo ta rungume ta, ni kuma da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Matan unguwa suka taso ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa a gabanta, har ta samu muryar da za ta riƙa cewa, "Da godiya."

Allah ka ji ƙan Iya, ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci. Ta san kowannenmu, ba ta yar da ko ɗaya ba. Ya Allah, kai ma kada ka yar da ita.